Rahoton Oronsaye da Sa Idon Majalisar Tarayya a Kan Hukumomin Gwamnati

Rahoton Oronsaye shi ne sakamakon aikin kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a watan Agusta na 2011 domin ya tantance hukumomin gwamnatin tarayyar Najeriya, ya faɗi waɗanda za a soke, da waɗanda za a haɗe, da waɗanda za a bari. Ya ci sunan shugaban kwamitin ne, Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan gwamnatin tarayya. An miƙa shi a Abuja ranar 16 ga Afrilu 2012, mai shafi 800, kuma tun daga ranar, duk sa'ad da aka tayar da maganar tsadar tafiyar da gwamnati, shi ake fara zarowa daga kanta.

Abin da kwamitin ya gano

Kwamitin ya ƙirga hukumomi 541, wasu doka ce ta kafa su, wasu kuma umarnin gwamnati ne kawai. Daga cikin 263 da ke da doka ya ce a mayar da su 161: a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 sassa a ƙarƙashin ma'aikatunsu. Ya kiyasta cewa hakan zai rage wa gwamnati kashe sama da naira biliyan 862 tsakanin 2012 da 2015.

Hujjarsa ba mai wuyar fahimta ba ce. Kowace hukuma, komai ƙanƙantarta, tana da babban darakta, da kwamitin gudanarwa mai karɓar alawus na zama, da motoci, da ginin haya a Maitama ko Wuse, da ofisoshin shiyya. Idan hukumomi uku suna aiki iri ɗaya, an ninka wannan ɗawainiya sau uku kafin a taɓa aikin kansa. Shi ya sa ya ba da shawarar a haɗa hukumomin yaƙi da cin hanci na EFCC da ICPC da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata wuri guda, a kuma dunƙule gidan talabijin na NTA da Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya.

Farar takarda da kwamitoci a kan kwamiti

A 2014 gwamnati ta fitar da farar takarda, wato takardar da ke bayyana matsayinta a kan shawarwarin, bayan nazarin wani kwamiti da ministan shari'a na lokacin, Mohammed Bello Adoke, ya jagoranta. Takardar ta yi watsi da mafi yawan manyan shawarwarin, ciki har da haɗe hukumomin yaƙi da cin hanci. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta dawo da batun a Nuwamban 2021 da kwamitoci biyu, ɗaya na Bukar Goni Aji domin sake duba rahoton, ɗaya na Amal Pepple domin hukumomin da aka ƙirƙiro bayansa. A 2022 aka ƙara na Ebele Okeke. Wa'adi ya ƙare ba a aiwatar ba.

Ranar 26 ga Fabrairu 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta amince a aiwatar da wani ɓangare na shawarwarin, aka ɗora wa kwamitin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, aikin cikin mako 12. Cikin abin da aka sanar akwai haɗa hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA da hukumar kula da 'yan gudun hijira, da haɗa hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau da cibiyar daƙile yaɗuwar cututtuka ta NCDC.

Inda makullin yake

Hukumar da doka ta haifa, doka ce kaɗai ke iya kashe ta. Sanarwa daga fadar shugaban ƙasa ba ta goge dokar da ta kafa hukuma, sai an kai ƙudiri gaban sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, an soke tsohuwar doka ko an gyara ta. Wasu ma sun fi haka tauri. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, da Hukumar Raba Daidai, da hukumar rabon kuɗin shiga ta RMAFC, suna cikin sashe na 153 na kundin tsarin mulkin 1999, don haka taɓa su na buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24.

Akwai misalin da ke nuna cewa abin yana yiwuwa idan an bi ta wannan ƙofa. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kawo ƙarshen sashen kula da albarkatun man fetur na DPR da hukumar ƙayyade farashin mai ta PPPRA da asusun daidaita farashin mai na PEF, ta maye gurbinsu da hukumomi biyu. Dokar ta shafe shekara da shekaru tana kai da komowa a Majalisa, amma da ta fito, tsofaffin hukumomin sun tafi.

Ikon sa ido kuwa sashe na 88 ne ya ba Majalisa: ta binciki duk wanda ke aiwatar da dokokinta ko yake kashe kuɗin da ta ware, domin bankaɗo cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta damar kiran kowa ya ba da shaida, idan ya ƙi zuwa ba da dalili ba a ba da sammacin kawo shi. Sashe na 85 kuma ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya kai rahotonsa Majalisa, inda kwamitin kula da asusun gwamnati ke bin diddiginsa. Bisa al'ada ɗan jam'iyyar adawa ake bai wa shugabancin wannan kwamiti, kuma al'ada ce mai kyau.

Zaman kare kasafi

Wurin da ake ganin wannan iko ido da ido shi ne zaman kare kasafin kuɗi, bayan shugaban ƙasa ya gabatar da ƙudirin shekara. Ɗakunan kwamitoci a harabar Majalisa kan cika maƙil. Shugaban hukuma na zaune a gaba, daraktan kuɗinsa a gefensa, a bayansu ma'aikata rungume da fayil-fayil. Sai shugaban kwamiti ya buɗe shafi ya ce: bara an ware maka kaza na sayen kwamfuta, ga shi bana ka sake sakawa, na baran ina suka shiga? Nawa ka tara, nawa ka zuba a asusun bai-ɗaya? Tambaya ta biyun tana da doka a bayanta, domin dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce hukumomin da ta lissafa su zuba kashi 80 cikin ɗari na rarar da suka samu a baitulmali.

Sai dai zaman kan zo a ƙurarren lokaci, hukumomi da yawa a yini guda, kuma da wuya a ji an yi tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ko ana buƙatar hukumar ma tun farko.

Tarnaƙi

Babban tarnaƙin shi ne mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Majalisar da ake jira ta rage hukumomi ita ce ke zartar da ƙudirorin kafa sababbi, domin jami'a ko cibiyar tarayya a mazaɓa abin nunawa ce ranar neman ƙuri'a, sannan kowace hukuma tana da kwamitin da ke kula da ita, wanda ba zai so a rushe abin da yake shugabanta a kai ba. A Yulin 2024, wata biyar bayan amincewa da rahoton, aka sanya hannu a dokokin kafa hukumomin raya Arewa maso Yamma da Kudu maso Gabas, aka kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Yankunan na da buƙata ta gaskiya, amma lissafin yana ƙaruwa ne.

Akwai kuma batun amana. Binciken tallafin man fetur na 2012 yana cikin manyan ayyukan sa ido da Majalisar Wakilai ta yi, sai dai shugaban kwamitin, Farouk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a kansa a Janairun 2024. Ga tsoron ƙungiyoyin ƙwadago cewa haɗewa za ta zama korar ma'aikata, duk da gwamnati ta ce ba haka take nufi ba, kuma tsoro ne da ya kamata a saurara a ƙasar da albashin mutum ɗaya ke riƙe gida guda. Shi kansa Babban Mai Binciken Kuɗi, sashe na 85 bai ba shi damar binciken asusun irin waɗannan hukumomi kai tsaye ba, iyakarsa ya ba su jerin ƙwararrun da za su zaɓa, ya yi tsokaci a kan abin da suka rubuto, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci.