Waiwaye: Ina malaman motsa jiki suka shige a makarantun Kebbi?

Tun da aka sanar da sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta maido wa darasin motsa jiki da kiwon lafiya cin gashin kansa a firamare, malamai ke ta tafka muhawara daga Birnin Kebbi har Zuru: wa zai koyar da shi? Wasu na cewa waya ce ta hana yara fita fili. Wasu na cewa rashin tsaro ne, tunda makarantar da aka rufe ba a tsere a filinta. Kowa da gaskiyarsa, amma ciwon ya girmi waya, ya girmi 'yan bindiga.

Farkon labarin sananne ne. A zamanin Turawa fareti ake yi da miƙe jiki a layi, sai tsere da tsalle ranar bikin daular Ingila, 24 ga Mayu. Wasan Fives, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu, ya shigo Birnin Kebbi da Katsina tun shekarun 1920. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta, a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ba motsa jiki gurbi a makarantu.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gushewar kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Giredi Tu. Yaro kan shiga daga firamare ya yi shekara biyar, galibi a makarantar kwana, kuma motsa jiki na cikin abin da kowane ɗalibi zai koya, ko lissafi yake so ko Larabci. Yamma ta yi, kowa fili, gida-gida ana gasa. Wanda ya fito daga nan aka tura shi ƙauye a ƙasar Yauri ko Gwandu, ya san yadda ake auna fili da taku a zana layi da toka, a kafa kara biyu a gitta na uku don tsalle, a sassaƙa sanda ta zama ta miƙa-miƙa a tseren 'yan huɗu. Ya san a ɗumama jiki kafin gudu, ya san abin yi in yaro ya yi targaɗe. Ba gwani ba ne, amma da usur ɗaya sai ya riƙe aji guda har a kaɗa ƙararrawa.

Da aka tsayar da NCE a matsayin mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, sai waɗannan kwalejoji suka riƙa komawa sakandare a shekarun 1990. Niyyar mai kyau ce, a ɗaga darajar malami, kuma ta wani fannin an ɗaga. Sai dai motsa jiki ya tashi daga abin kowa ya koma fannin 'yan tsiraru. Aka wayi gari mai son ya zama malaminsa sai ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ya ci jarrabawar JAMB, sannan ya yi shekara uku a kwalejin ilimi. Can zai karanci ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, da taimakon gaggawa, da dokokin wasanni, ya kuma fita gwajin koyarwa. Ilmi ne mai zurfi, ya fi na da nesa ba kusa ba. To amma mutum nawa ke zaɓarsa? Uba kan ce wa ɗansa, duk karatun duniya ka rasa abin karantawa sai guje-guje? Kaɗan ɗin da suka fito kuwa sakandaren gari ke kwashe su. Firamaren ƙauye ta tashi ba tsuntsu ba tarko: babu ƙwararre, malamin aji kuma bai saba riƙe usur ba. Abin bai fito fili nan da nan ba, domin tsofaffin 'yan Giredi Tu sun ci gaba da rufa asiri. Sai da suka fara ritaya ɗaya bayan ɗaya aka ga ciyawa ta cinye fili.

A 2014 kuma aka haɗe darasin da kimiyya da fasaha da kwamfuta a ƙarƙashin suna guda. Mutane sun fi tuna wannan, amma a ganina ya tarar da gini ne ya riga ya tsage. Tsalle ya koma rubutu a allo, yara na haddace faɗin filin ƙwallo ba su taɓa auna shi ba.

Abin takaicin, ba iyawa aka rasa ba. Duk wanda ya kalli kabanci, wato wasannin ruwa, a bikin kamun kifin Argungu, wanda ake yi tun 1934, ya ga masu ninƙaya da tseren kwalekwale a kogin Matan Fada, ga 'yan kokawa da dambe, ga yaran da ke langa a kowace unguwa. Da yawansu kiredit biyar ɗin ce ta tsaya musu. Ga kuma batun 'yan mata: iyaye da dama ba za su yarda namiji ya fitar da 'yarsu fili ba, mata masu karanta fannin kuwa sun fi maza ƙaranci.

Saurayi ko budurwar da ya shiga kwalejin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu a bana, sai bayan shekara uku zai fito da NCE, sannan ya jira rajistar malamai da ɗaukar aiki. Kafin nan, malamin ajin da ke koyar da Hausa da lissafi shi za a miƙa wa darasin.