Mai ba jakada shawara kan siyasa: inda doka ta tsaya masa da inda ta bar shi

A ƙaramin ofishin jakadanci ba a cika samun mutane da yawa ba. Jakada ne, da mataimakinsa, da mai kula da biza da kuɗi, sai mutum ɗaya da aka ɗora wa sa ido kan siyasar ƙasar da ake zaune a cikinta. Shi ke karanta jaridu tun da sassafe, ya saurari rediyo, ya leƙa zaman majalisa, ya sha shayi da 'yan jam'iyya da 'yan jarida, sannan ya rubuta wa jakada abin da ya fahimta. Wani lokacin ma ƙasashe biyu ko uku yake bi, domin doka ta yarda jakada ɗaya ya wakilci ƙasarsa a ƙasashe da yawa in babu wadda ta ƙi.

Dokar da ake magana a kanta ita ce yarjejeniyar hulɗar jakadanci da aka sa wa hannu a Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 18 ga Afrilu 1961, ta fara aiki a 1964. Sassa 53 gare ta, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun shiga, har da Najeriya da Nijar.

Mutane da yawa in sun ji an ce wani yana rubuta rahoton siyasar ƙasa yana aika wa wata gwamnati, sai su ce ai wannan leƙen asiri ne. Sashe na 3 bai ɗauke shi haka ba. Cikin ayyuka biyar da ya lissafa wa ofishin jakadanci har da gano halin da ƙasa ke ciki da abubuwan da ke faruwa a cikinta, ta kowace halastacciyar hanya, da kai rahoto gida. Ke nan tambaya da sauraro da rubutu aiki ne da doka ta san da shi. Sayen takardun sirri ko ba ma'aikacin gwamnati toshiya ya kwarmata magana, wannan ya fita daga halas.

Sashe na 41 shi ne linzamin. Ya ce duk mai cin moriyar kariyar diflomasiyya dole ya mutunta dokokin ƙasar, kuma kada ya yi katsalandan a harkokinta na cikin gida. Amma bai shata inda sauraro ya ƙare katsalandan ya fara ba, a nan ne kuma mai wannan aiki yake tafiya kamar a kan siraɗi. Zama da ɗan adawa don jin ra'ayinsa abu ne da ofisoshin jakadanci suka saba yi. Ba shi dabarar cin zaɓe, ko kuɗi, ko fitowa a gangaminsa, wannan shiga sharo ba shanu ne. Sai dai gwamnatin da ke cikin fargaba, musamman gab da zaɓe ko bayan juyin mulki, tana iya kallon ko gaisuwa da 'yan adawa a matsayin laifi. Kuma ba ta buƙatar shawo kan kowa: sashe na 9 ya ba ta ikon cewa ba ta maraba da wani jami'i a kowane lokaci, ba tare da ta faɗi dalili ba. Mun ga yadda irin wannan ke kaya wa a Yamai, lokacin da sojoji suka ba jakadan Faransa Sylvain Itté awa 48 ranar 25 ga Agusta 2023. Faransa ta ce ba ta san da gwamnatinsu ba, aka yi ta ja-in-ja har ya tafi ranar 27 ga Satumba.

Jami'in da ƙasarsa ta turo, iyakar abin da zai same shi ke nan: ya haɗa kayansa. Sashe na 29 ya hana a kama shi ko a tsare shi. Sashe na 31 ya hana kotun ƙasar yi masa shari'ar laifi. Wannan rigar kariya ba mallakinsa ba ce, ta gwamnatinsa ce, ita kaɗai ke iya tuɓe masa ita, kuma sai ta faɗa ƙarara.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ƙananan ofisoshi sau da yawa mai ba da shawarar nan ba baƙo ba ne. Ɗan ƙasa ne aka ɗauka aiki, saboda shi ya san harshe, ya san wane ne surukin wane, ya san abin da gwamna ke nufi in ya yi shiru. Jami'an diflomasiyya suna zuwa su yi 'yan shekaru a canza musu wuri, shi kuwa yana nan. Sashe na 38 ya ce ma'aikacin ofis da ba shi da matsayin jami'in diflomasiyya, in ɗan ƙasar ne ko mazauninta na dindindin, ba shi da wata kariya sai wadda gwamnatin ƙasar ta ga dama ta ba shi. Abin da kawai aka nema daga gwamnatin shi ne kada ta yi amfani da ikonta a kansa ta hanyar da za ta kawo cikas mai yawa ga aikin ofishin. Wannan sharaɗi ne mai rauni ƙwarai, kuma don ofishin aka yi shi, ba don mutumin ba.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Bayan rikicin zaɓen Iran na 2009, hukumomi sun kama ma'aikata 'yan ƙasa na ofishin jakadancin Birtaniya a Tehran. Cikinsu har da Hossein Rassam, babban mai nazarin siyasa na ofishin. Aka gurfanar da shi, aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta. Birtaniya ta yi ta cewa aikinsa na yau da kullum ya yi, amma ba ta da sashen da za ta ɗaga ta ce ba a isa a taɓa shi ba. In haka ta faru da ma'aikacin babbar ƙasa, a auna halin wanda ke yi wa ofishi mai jami'ai uku aiki.

Rahoton da ya rubuta ma ya fi shi gata. Sashe na 24 ya ce takardun ofishin jakadanci ba a taɓa su a kowane lokaci, a duk inda suke. Sashe na 27 ya kare wasiƙun aiki, ya kuma hana buɗe jakar diflomasiyya (jaka ko akwatin da ofis ke aika takardu da kayan aiki a ciki) ko tsare ta, muddin tana ɗauke da alama a fili. Rashin wannan alama ce ta ba jami'an kwastan na filin jirgin Stansted a Birtaniya damar buɗe akwatin da aka sa Umaru Dikko, tsohon ministan Najeriya da aka sace a Landan, a ciki a Yulin 1984. To, takarda tana da kariya ko a cikin mota take, amma hannun da ya rubuta ta ana iya sa masa ankwa a bakin ƙofar ofis.

Saboda haka ɗan ƙasar da aka yi wa tayin wannan aiki, ina ganin ya kamata tun kafin ya sa hannu ya nemi a rubuta masa iyakar aikinsa a takardar ɗaukar aiki, ya tabbatar an sanar da ma'aikatar harkokin waje cewa an ɗauke shi kamar yadda sashe na 10 ya tanada, ya kuma tambayi wa zai ɗauki nauyin lauya in aka gayyace shi amsa tambayoyi. Ganawa mai zafi, irin ta jagoran adawa ana saura mako guda zaɓe, kada ya je shi kaɗai. Ya bar jami'in da ke sanye da rigar kariya ya shige gaba, shi ya zauna a gefe da alƙalaminsa.