Tambayoyi da amsoshi kan ATBU Bauchi, jami'ar fasaha: daga ina ta faro, kuma yaya karatun yake?

Duk lokacin cike JAMB sai ka ji tambayoyi iri ɗaya suna ta yawo a kan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wasu daga yara masu neman admishan, wasu daga iyayen da za su biya kuɗin. Ga waɗanda aka fi yi.

Wai yaushe aka kafa ta, kuma dama can sunanta kenan?

A'a, ba da wannan sunan ta fara ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa ta da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, tare da ta Makurdi da ta Owerri, sannan a 1981 aka yi ta Yola da ta Akure, a 1983 kuma Minna da Abeokuta suka biyo baya, guda 7 kenan. Tunanin lokacin shi ne ƙasa tana da kuɗin mai, ana ta maganar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da masana'antu da madatsun ruwa, amma waɗanda za su riƙe injinan sai an ɗauko su daga waje, to gara a samu jami'o'in da aikinsu kawai shi ne yaye injiniyoyi da masana kimiyya. Ɗaliban farko na Bauchi sun shiga ne a 1981 a matakin sharar fage, aka fara karatun digiri a 1982.

To me ya haɗa ta da ABU Zariya? Na ji ana cewa ta taɓa zama reshenta.

Gaskiya ne. Farashin mai ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi ƙasa, sojoji suka karɓi mulki ƙarshen 1983, sai gwamnatin Janar Buhari ta ce ƙasar ba za ta iya ɗaukar nauyin duka waɗannan sababbin jami'o'in ba. A 1984 aka haɗe huɗu daga ciki da manyan da suka riga su: Bauchi ta koma ƙarƙashin ABU, Yola ƙarƙashin Maiduguri, Makurdi ƙarƙashin Jos, Abeokuta kuma ƙarƙashin Legas. A nan ne ma sunan Tafawa Balewa ya shigo, don an riƙa kiranta Kwalejin Abubakar Tafawa Balewa ta ABU. Sai a 1988 zamanin Babangida aka sake raba su, Makurdi da Abeokuta aka mayar da su na aikin gona, Bauchi ta dawo da cin gashin kanta da sunan da muka sani yau. Kuma sunan ya dace, don kafin ya zama Firaminista marigayi Abubakar Tafawa Balewa malamin makaranta ne a Bauchi, kabarinsa ma yana cikin garin.

Menene bambancin jami'ar fasaha da sauran jami'o'i? Ba duk digiri ba ne?

Nan ne mutane da yawa suke shiga ba tare da sun gane inda suka sa ƙafa ba. Bisa tsarin da aka kafa ta, ba wajen karatun lauya ko aikin jarida ko tarihi ba ne. Abin da ke akwai shi ne injiniyanci kala-kala, na gine-gine da hanyoyi, na lantarki, na injina, na sinadarai, na man fetur, sai kimiyya zalla irin su lissafi da fiziks da kemistiri da kwamfuta da ilimin duwatsu, sai fannin muhalli wato zanen gine-gine da safiyo da tsara birane, sai aikin gona, sai koyar da malaman kimiyya da fasaha, sai fannin gudanarwa, daga baya kuma aka ƙara likitanci da yake ga asibitin koyarwa nan a cikin gari.

Babban abin da ke ba mutane mamaki shi ne shekaru. Kwas ɗin da abokinka zai gama a shekara 4 a wata jami'ar, kamar kemistiri ko kwamfuta, a nan galibi shekara 5 ne, kuma takardar da za a ba ka B.Tech ce, injiniyoyi kuma B.Eng. Wannan ƙarin shekarar ba don a wahalar da kowa aka sa ta ba, saboda firaktikal ne da fita koyon aiki, kuma ni a ganina ita ce ma dalilin wanzuwar makarantar gaba ɗaya.

Shi wannan SIWES ɗin da ake ta magana fa?

Shi ne fita koyon aiki, ɗalibai sun fi ce masa IT. A aji huɗu ake ajiye lakca na samista guda, wajen wata 6, mutum ya tafi kamfani ko ma'aikata ko wajen gini ya yi aiki da hannunsa, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, shugabansa na wajen aikin ya sa hannu, malami ya zo daga makaranta ya duba shi, hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu na gwamnatin tarayya, ita ke kula da tsarin a ƙasa baki ɗaya. In ya dawo sai ya rubuta rahoto ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Don Allah kar a yi wasa da wannan. Akwai masu neman ofishin wani kawunsu inda za su zauna suna danna waya, ƙarshen wata a buga musu hatimi, su dawo ba su taɓa riƙe mita sun auna wutar taransifoma ba, ba su taɓa tsayawa an zuba kankare a gabansu sun ga yadda ake cika ɗan akwatin gwaji a kai shi a matse a ga ƙarfinsa ba. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, domin ranar intabiyu ba a tambayar hatimi, cewa za a yi nuna mana. Gara ka je ƙaramin gareji ko wajen masu haɗa sola inda za a bar ka ka taɓa kaya da ka je babban kamfani inda aikinka sayo wa oga ruwa.

Yelwa ko Gubi, ina ne makarantar take?

Duka biyun. Yelwa ita ce tsohuwar, tana cikin gari ta hanyar Dass, kusa da unguwannin da ɗalibai suka cika irin su Gwallameji da Yelwan Tudu. Gubi kuma ita ce mazaunin dindindin, can bayan gari kan hanyar Ningi, fili ne makeke. Kafin ka kama ɗaki ka fara tambayar inda tsangayarka take, in ba haka ba kuɗin mota kaɗai zai cinye maka guzuri.

Me ake buƙata kafin a samu shiga?

Kiredit 5 a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi, kuma ga injiniyanci dole fiziks da kemistiri su kasance a ciki, sai JAMB da tantancewar da makarantar ke yi bayanta. Masu difloma daga foli ko masu NCE suna iya shigowa kai tsaye ta DE su tsallake ajin farko. Makin da ake yankewa yana canzawa duk shekara kuma kowane kwas da nasa, saboda haka a duba sanarwar makarantar ta wannan shekarar, kar a dogara da abin da wani ya faɗa a guruf.

Ana cewa karatun akwai zafi, haka ne?

Akwai, kuma ajin farko da na biyu ne suka fi kayar da mutane, lokacin da lissafi da fiziks da zanen injiniya suke haɗuwa wa yaro da bai saba karatu ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Ana lissafin maki ne a kan 5, daga 4.50 ne ake samun digiri mai daraja ta ɗaya, kuma duk makin da ka zubar a shekarar farko haka zai bi ka har ƙarshe, karioba ɗaya, wato faɗuwa darasin da sai ka maimaita shi, a kwas mai nauyi tana iya jawo maka ƙarin shekara. Ga kuma abin da ba laifin ɗalibi ba, yajin aikin ASUU, na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Ga matsalar da jami'o'in gwamnati duka suke fama da ita, ɗalibai sun yi yawa kayan gwaji sun yi kaɗan, a raba mutum goma a kan inji ɗaya, biyu su taɓa sauran su kwafi sakamako. In ka samu kanka a irin wannan rukunin ka matsa gaba ka zama cikin biyun nan.

Ba gara a mayar da ita jami'a ta kowane fanni ba, kamar yadda aka yi wa ta Yola?

Masu wannan ra'ayin suna da hujja, don yaron Bauchi da ke son lauya ko aikin jarida dole ya nemi wata makarantar, kuma ta Yola an cire mata kalmar fasaha daga sunanta ta zama Jami'ar Modibbo Adama. Amma ni ina tsoron abu ɗaya. Buɗe kwas ɗin da allo da alli kawai yake buƙata ya fi araha nesa ba kusa ba a kan gyara wakshop, kuma in kuɗi ya yi kaɗan kowa ya san wanda za a fara yi wa rowa. Ga rijiyoyin mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar da haƙarsu a 2022, ga ma'adinai, ga noman rani, ga wutar sola da kowane gida yake nema yanzu, duk waɗannan injiniyoyi da masana duwatsu suke jira. In za a ƙara fannoni a ƙara, amma a fara cika ɗakunan gwajin da ake da su da kayan aiki tukuna.