Garkuwar Jikin Uwa da Hawan Jinin Masu Ciki

Firi-iklamsiya cuta ce da ke kama mace mai ciki bayan mako na 20, inda awon jininta ke kaiwa 140/90 ko ya wuce, tare da fitar furotin a fitsari ko alamar illa ga ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa. Tana samun kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na masu juna biyu a duniya, kuma idan ta tsananta takan kai ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Tun a 1843 John Lever, wani likita a Landan, ya ga furotin a fitsarin masu jijjiga. Ko da yake a watannin ƙarshe ake ganin alamominta, mafi yawan masana na ganin tushenta yana cikin watanni uku na farko, lokacin da garkuwar jikin uwa ke haɗuwa da mabiyiya.

Rabin gadon halittar ɗan tayi daga uba yake, don haka baƙo ne ga jikin uwa. A 1953 Peter Medawar, masanin dashen sassan jiki a Birtaniya, ya yi tambayar da har yau ake bin diddiginta: me ya sa jikin da ke ƙin fatar wani idan an dasa masa yake riƙe ɗan tayi wata tara? An daɗe ana zaton garkuwar uwa rauni kawai take yi. Binciken da ya biyo baya ya nuna tana nan da ƙarfinta, aikinta ne yake sauyawa, musamman a bangon mahaifa. A can wasu ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da kumburi, waɗanda ake kira Treg, suna ƙaruwa, ita kuma mabiyiya ba ta nuna HLA-A da HLA-B, wato alamomin da ke jikin ƙwayoyi waɗanda garkuwa ke gane baƙo da su, kuma suna cikin manyan masu haddasa ƙin dashe.

Babban aikin yana faruwa ne a ƙananan jijiyoyin jini masu murɗewa da ke bangon mahaifa. A ciki mai lafiya, ƙwayoyin mabiyiya suna kutsawa cikin waɗannan jijiyoyi, su rushe tsokar da ke bangonsu, su mayar da su masu faɗi yadda jini zai gudana da yawa kuma a hankali, kamar yadda mai lambu ke faɗaɗa magudana kafin shuka ta girma. Masu tsaron wannan kutse su ne ƙwayoyin NK na mahaifa, waɗanda suka kai kusan kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jinin wurin a farkon ciki. 'Yan uwansu da ke yawo cikin jini kashe ƙwayoyin da cuta ta kama suke yi, amma waɗannan sinadarai suke fitarwa masu taimaka wa gyaran jijiyoyin. Suna gane ƙwayoyin mabiyiya ta hanyar masu karɓar saƙo da ake kira KIR, waɗanda ke haɗuwa da alamar HLA-C, wadda ɗan tayi ke gadon ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 2004 Ashley Moffett da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij suka nuna cewa haɗarin cutar na ƙaruwa idan uwa tana da nau'in KIR AA, ɗan tayi kuma yana da HLA-C2. Annettee Nakimuli ta Jami'ar Makerere ta bi wannan bincike a tsakanin matan Yuganda, kuma aikinta yana da muhimmanci, domin bambancin KIR ya fi yawa a Afirka.

Idan gyaran bai kammala ba, jijiyoyin sukan tsaya a tsuke, mabiyiya ta galabaita saboda jinin da ke isar mata bai daidaita ba, sai ta riƙa zubo abubuwa cikin jinin uwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne sFlt-1, wanda aka gano rawarsa a 2003 a Boston ta Amurka. Yana kame sinadaran VEGF da PlGF masu kiyaye lafiyar bangon jijiyoyi. Daga nan jijiyoyin jikin uwa gaba ɗaya sukan tsuke, ruwa ya riƙa tsatsa daga cikinsu, jini ya hau, ƙoda ta saki furotin. A mafi munin yanayi jajayen ƙwayoyin jini na fashewa, hanta ta taɓu, ƙwayoyin daskarar da jini su ragu, abin da Louis Weinstein ya sa wa suna HELLP a 1982. Wannan bayani ya fi dacewa da cutar da ke bayyana kafin mako na 34. Wadda ke zuwa dab da haihuwa ta fi alaƙa da ƙiba, ciwon sukari da lafiyar zuciyar uwa.

Abubuwan da ke ƙara haɗari suna ƙarfafa hujjar cewa da hannun garkuwa a ciki. Cutar ta fi yawa a cikin fari, takan ragu a haihuwa ta biyu, ta sake ƙaruwa idan mace ta yi sabon aure, ko da yake wasu masana na danganta wannan da tazarar da ke tsakanin haihuwa. Haka kuma tana yawaita ga wadda aka dasa wa ƙwan wata mace, da mai ciwon lufus, wato cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, da mai cikin tagwaye.

A Arewacin Najeriya jijjiga na cikin manyan masu kashe mata a asibitoci, kuma abin takaici shi ne yawan waɗanda ake kawowa bayan an ɓata lokaci ana zaton iskoki ne. Ciwon kai mai tsanani, ganin gilmawar haske ko dishi-dishi, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, duk alamu ne da ke buƙatar awon jini a ranar. Gwajin ASPRE na 2017 ya nuna cewa asfirin miligiram 150 a kullum, daga mako na 11 zuwa 14 har zuwa na 36, ya rage cutar da ke sa haihuwar bakwaini da kashi 62 cikin ɗari ga mata masu haɗari, wanda ke nufin mai jira sai wata na shida kafin ta fara zuwa awo ta rasa wannan dama. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a kullum inda abinci ba shi da isasshensa. Allurar magniziyam salfet, kamar yadda gwajin Magpie na 2002 ya tabbatar a kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, kuma ana sauke jinin da metildofa, labetalol ko nifedifin. Fitar mabiyiya ita ce ke kawo ƙarshen cutar, amma jini na iya hawa har makonni shida bayan haihuwa, don haka ana ci gaba da auna mai jego har bayan arba'in.