Wasannin kwamfuta a kan ƙananan kwamfutocin cinya

Wasannin kwamfuta a kan ƙananan kwamfutocin cinya wani sashe ne na wasannin bidiyo da ake yi da na'urori masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda tun asali an ƙera su ne don rubutu da karatu da leƙa intanet. Irin waɗannan kwamfutoci, da aka fi sani da netbuk, faɗin fuskarsu yakan kama daga inci 7 zuwa 12, ba su da wurin sa faifan CD, kuma sashen da ke zana hotuna a cikinsu ba shi da ma'adana tasa ta kansa, daga RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yake ara. A Maraɗi galibi na hannu ake samu, a shagunan masu gyaran salula da kwamfuta, kuma ɗalibai kan saye su saboda arha da sauƙin ɗauka.

Tarihi

Kamfanin Psion na Ingila ya fitar da wata ƙaramar na'ura mai suna netBook a 1999, amma ba ta yaɗu ba. Abin da ya farkar da manyan kamfanoni shi ne shirin One Laptop per Child na Nicholas Negroponte, wanda ya nuna samfurin kwamfutar yara a taron duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a Tunis a watan Nuwamba 2005, da burin sayar da ita dala 100 ta Amurka. Da aka fara ƙera ta, kuɗinta ya kusa ninka haka, sai dai ta tabbatar da cewa akwai ɗimbin jama'a da ke neman ƙaramar kwamfuta mai araha.

A ƙarshen 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC 701, mai fuska inci 7, da RAM megabait 512, da ma'adana gigabait 4, tana aiki da wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A 2008 Intel ya kawo ƙwaƙwalwar Atom, kuma samfurinta N270 mai gudun gigahaz 1.6 shi ne ya cika kasuwa, cikin Acer Aspire One da Samsung NC10 da MSI Wind da HP Mini. Kusan dukansu tsari ɗaya ne: RAM gigabait 1, fuska mai ɗigo 1024 a kwance da 600 a tsaye, da sashen hotuna GMA 950. Wannan kamanceceniya tana da dalili, domin Microsoft ya ci gaba da sayar da Windows XP da rahusa ga masu ƙera su, bisa sharaɗin kada ƙarfin na'urar ya wuce wata iyaka. A 2009 Windows 7 Starter ya fara maye gurbinsa.

An yi ƙoƙarin ƙara musu ƙarfin zane, da Nvidia Ion a 2009 da kuma AMD C-50 da E-350 a 2011, amma fitowar iPad a 2010 da bunƙasar manyan salula sun riga sun janye masu saye. Wajen ƙarshen 2012 Asus da Acer suka daina ƙera netbuk. Magadan netbuk su ne Chromebook, wato kwamfutocin cinya masu aiki da manhajar Google, da ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Celeron ta Intel, irin su N4000 da N4020, waɗanda yawanci ke zuwa da RAM gigabait 4.

Wasannin da suka dace

Netbuk ta shekarar 2008 ƙarfinta ya yi kusa da na kwamfutar tebur ta farkon shekarun 2000, saboda haka wasannin wancan zamani su ne abincinta. Doom na 1993, StarCraft da Half-Life na 1998, Age of Empires II da Quake III Arena na 1999, Diablo II na 2000 da Counter-Strike 1.6 na 2003 duk suna tafiya a kanta, kuma ba ƙananan wasanni ba ne: su ne suka aza harsashin mafi yawan abin da ake bugawa a yau. GTA Vice City yana yiwuwa idan an rage ingancin hoto, GTA San Andreas kuwa da ƙyar yake ja. Pro Evolution Soccer 6 na 2006, wanda masu son tamaula suka daɗe suna riƙe da shi, ya fi sakewa a kan samfuran AMD da na Celeron. Wasanni masu shimfiɗaɗɗen zane, kamar Zuma da Plants vs. Zombies da Battle for Wesnoth, ba su da nauyi, kuma manhajar DOSBox tana tayar da wasannin zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows. Shagon wasanni na intanet mai suna GOG, da aka buɗe a 2008, ya shahara da gyara tsofaffin wasanni don su yi aiki a sababbin na'urori.

Cikas ɗin da aka fi cin karo da shi gajartar fuska ce. Wasanni da yawa suna neman tsayin ɗigo 768, netbuk kuwa 600 gare ta, sai mai wasa ya tarar maɓallin amincewa ya nutse ƙasan fuska, linzami ba ya kai masa. Maganinsa shi ne a sa girman hoton wasan a ɗigo 800 da 600, ko 640 da 480, a kashe inuwa da hayaƙi, a rufe sauran manhajoji. Yawancin samfuran Atom na farko suna karɓar RAM har gigabait 2, kuma wannan ƙari shi ne gyara mafi araha da ake iya yi musu.

Manhajoji

Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu 2014, da Windows 7 a watan Janairu 2020. Steam, babban shagon wasanni na intanet, ya bar XP a farkon 2019, ya bar Windows 7 a farkon 2024, kuma Adobe Flash, wanda dubban ƙananan wasannin intanet suka dogara da shi, ya ƙare a ƙarshen 2020. Wasu masu gyara kan sa nau'in Linux marar nauyi a madadin tsofaffin Windows ɗin.

Yanayin Maraɗi

Zafi da ƙura sun fi komai gajarta ran waɗannan na'urori. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, wasa ya riƙa sarƙewa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, don haka ana buƙatar a buɗe a share lokaci-lokaci. Ɗora kwamfutar a kan katifa ko darduma yana rufe ramukan ƙasa. Tebur ko faranti ya fi, a ɗan ɗaga bayanta. Ta fuskar wuta kuwa ƙaramar kwamfuta tana da rinjaye, domin abin da take ci kaɗan ne, ƙaramin faifan sola da batir suna iya riƙe ta. An ga amfanin hakan lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga watan Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Akwai kuma batun madannai. Kwamfutocin da suka shigo ta Katsina da Kano tsarin QWERTY gare su, waɗanda suka zo daga Faransa kuwa AZERTY, wato jerin haruffan madannansu ya bambanta. Wasanni da yawa sun ɗora tafiya a kan maɓallan W, A, S, D, wanda a madannan Faransanci ya yi daidai da Z, Q, S, D, saboda haka sabon ɗan wasa zai shiga saituna ya sauya su kafin ya fara.

Wasa ta intanet ga sabon shiga

A wasan da ake yi kai tsaye da wasu mutane, abin da ya fi muhimmanci shi ne jinkirin saƙo tsakanin kwamfuta da uwar garke, babbar kwamfutar da ke haɗa ƴan wasa. Wannan jinkiri shi ne fing, wanda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ƙasa da 100 yana da kyau; idan ya haura 200, wasan harbi da na tamaula sukan gagara, domin abokin karawa ya riga ya motsa kafin hoton ya iso. Nijar ba ta da gaɓar teku, layukanta suna bi ta maƙwabta kafin su kai igiyoyin ƙarƙashin ruwa, kuma sau da yawa uwar garken Turai ce ta fi kusa ta fuskar jinkiri. Wanda ke jawo intanet daga salula, ko ta Airtel ce ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, zai fi samun daidaito idan ya haɗa ta da wayar USB maimakon Wi-Fi. Wasannin da ake yi bi da bi, kamar darar Turawa (chess) a shafin Lichess ko Battle for Wesnoth, jinkiri bai cika damunsu ba, kuma su ne suka fi dacewa da mafari.

Wasan kansa ba ya cin mega da yawa. Sabunta manhajoji ne ke cinye su, don haka ya kamata a kashe sabuntawa ta kai tsaye. Abokai da ke zaune wuri ɗaya suna iya haɗa kwamfutocinsu da waya ko Wi-Fi na gida su buga Counter-Strike ko Age of Empires II ba tare da intanet ba.

Wajen tsaro, ana shawartar sabon shiga ya yi amfani da laƙabi, kada ya ba kowa cikakken sunansa ko lambar salularsa ko unguwarsu, kuma kalmar sirrin wasa ta bambanta da ta imel. Masu alƙawarin kyautar kuɗin wasa idan aka tura musu lambar sirrin da ta shigo salula ƴan damfara ne. Wasannin da aka fasa makullinsu don a buga ba tare da saye ba, waɗanda ke yawo a filash daga hannu zuwa hannu, sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma haɗarin ya fi yawa a tsohuwar Windows da ba a ƙara kula da ita. Yana da kyau mutum ya fara gwada hannunsa yana karawa da kwamfuta kafin ya shiga cikin jama'a, ya guji manhajojin maguɗi da ke sa a rufe asusu, kuma idan wani ya zage shi ya toshe muryarsa ya kai ƙara ga masu kula da wasan.

Muhawara

Ra'ayi ya bambanta a kan tasirin wasannin ga karatun yara da lokutan salla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ko da yake wasu masana sun soki matakin.