Waiwaye: Yadda Katun Mai Waƙa Ya Iso Hannun Ƙirƙirarriyar Basira

A yau mutum ɗaya, da kwamfutarsa da isasshiyar data, yana iya haɗa gajeren fim na katun mai waƙa a cikin 'yan kwanaki. Wata manhaja ta tsara masa kiɗa da murya, wata ta zana masa 'yan wasa, wata ta sa su motsi. Masu tallata manhajojin nan suna magana kamar a 2022 aka fara komai. Amma abin da ya fi wahalar da masu wannan sana'a ya kusa shekara ɗari yana wahalar da su, wato yadda motsin zane zai faɗa daidai kan bugun kiɗa.

A 1928 Walt Disney ya fitar da Steamboat Willie, katun na kusan minti takwas da ya fito da Mickey Mouse duniya. Akwai katun masu sauti kafin shi, sai dai a nasa kowane fito da kowane taku yana tafiya tare da kiɗan. Wani matashin ma'aikacinsa, Wilfred Jackson, shi ya kawo dabarar amfani da ɗan agogon da mawaƙa ke ƙidaya bugu da shi, aka rubuta a takarda cewa bugu kaza zai zo a hoto na kaza. Ko da haka, da aka je New York ɗaukar kiɗan, zaman farko ya watse domin makaɗan sun kasa tafiya da hoton. Sai da Disney ya sayar da motarsa aka biya kuɗin zama na biyu, aka sa wata alama mai tsalle a jikin fim ɗin tana nuna wa shugaban makaɗa saurin da zai bi. Tun daga lokacin tsarin ya zauna: a fara tsayar da kiɗa, zane ya biyo baya.

Zanen kuwa shi ke cinye kuɗi. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu katun kan rage zuwa zane 12. Waƙa mai minti uku ke nan tana buƙatar zane 2,160, ban da na bango. Don haka aka daɗe ana neman gajeriyar hanya. Mai katun Max Fleischer ya samu rajistar mallakar wata na'ura da ya ƙirƙira a 1917, wadda ake ɗaukar mutum na gaske yana rawa, sannan a bi sawun jikinsa da alƙalami hoto bayan hoto. Kwamfuta ta shigo da ƙarfinta da Toy Story a 1995, amma ba ta sallami ma'aikata ba, kujera kawai ta sauya musu.

Canjin gaske ya zo a 2022, lokacin da DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka fito cikin 'yan watanni, kowa ya ga ana rubuta jimla hoto ya bayyana. Hoto ɗaya ba fim ba ne. Waɗanda suka fara gwada katun da su sai suka koma ga tsohuwar dabarar Fleischer: a ɗauki ɗan wasa a bidiyo, a sa injin ya sake zana kowane hoto. Matsalar ita ce injin ba ya tuna abin da ya zana a hoton baya, sai fuska ta riƙa rawa, riga ta riƙa sauya launi. Shi ya sa bidiyon waƙa ya zama gidan farko na wannan fasaha, domin a can narkewar hoto tana iya wucewa a matsayin salo. A Fabrairun 2023 ƙungiyar Linkin Park ta yi amfani da manhajar Kaiber a bidiyon waƙarta Lost. Kwanaki kaɗan kafin nan reshen Netflix na Japan ya saki wani gajeren katun, The Dog and the Boy, wanda inji ya taimaka wajen zana bangonsa, ya kafa hujja da ƙarancin ma'aikata. Masu zane suka yi caa, suna cewa ba ma'aikata ne suka yi ƙaranci ba, albashin kirki ne. A shekarar ce kuma marubutan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma batun ƙirƙirarriyar basira yana cikin manyan buƙatunsu.

Da kamfanin OpenAI ya nuna Sora, manhajarsa mai haɗa bidiyo daga rubutu, a Fabrairun 2024, an ɗauka magana ta ƙare. Abin da ya fito daga bakin waɗanda suka fara aiki da ita ya fi tallan amfani. Wasu matasa a Toronto sun yi gajeren fim, Air Head, game da wani mutum mai balan-balan a madadin kai. Daga baya suka bayyana cewa balan-balan ɗin yakan fito da wani launi dabam, wani lokaci har da fuska a jikinsa, sai da suka bi da hannu suna gogewa suna gyarawa. A watan Mayu darakta Paul Trillo ya yi wa mawaƙin da ake kira Washed Out bidiyo da Sora: ya fitar da guntaye kusan 700, ya yi amfani da 55. Aikin bai ɓace ba ke nan. Ya tashi daga zane ya koma tankaɗe da rairaya.

Ta ɓangaren kiɗa, rigimar ta fi zafi. A Afrilun 2023 wata waƙa da aka kwaikwayi muryar Drake da The Weeknd ta bazu kafin a sauke ta daga manhajojin sauraro. Manhajojin Suno da Udio suka biyo baya da tsara cikakkiyar waƙa daga rubutaccen umarni, kuma a Yunin 2024 kamfanonin waƙa na Universal da Sony da Warner suka maka su a kotu bisa zargin horar da injinansu da waƙoƙin mutane ba izini. A ƙarshen 2025 Universal ya sasanta da Udio, Warner ya sasanta da Suno. Ƙarar da kamfanonin fim na Disney da Universal suka shigar kan Midjourney a Yunin 2025 ta shafi zane ne.

To yaya ake aikin yanzu? Duk wanda ya san abin da yake yi da waƙa yake farawa. Ya shimfiɗa ta a manhajar tace bidiyo, ya sa alama a kan kowane bugu da kowane amshi. Sannan ya tsayar da kamannin ɗan wasansa ta gaba da gefe da baya, ya riƙa cusa wa injin waɗannan hotuna don kada ya sauya masa mutum a tsakiyar baiti. Injinan suna bayar da guntaye ne na 'yan daƙiƙoƙi. Veo 3 na Google, da ya fito a Mayun 2025 yana haɗa hoto da sauti lokaci guda, daƙiƙa takwas yake bayarwa. Waƙa ba ta ginuwa da takwas-takwas, don haka mutum ne zai yanka, ya ja, ya rage gudu, har taku ya hau kan ganga. Takardar Wilfred Jackson ce dai, ta koma allon kwamfuta.

Doka ma, aƙalla a Amurka, wannan ɓangaren na aikin mutum take kallo. A Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya yanke cewa hotunan Midjourney da ke cikin littafin zane Zarya of the Dawn ba su da kariya, amma rubutun da yadda aka jera hotunan suna da ita. Rahotonsa na Janairun 2025 ya ƙara da cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya mayar da mutum mai aikin ba.

Ga mai son yi da Hausa, raba murya da hoto ba baƙon abu ba ne, tunda a Kannywood mawaƙi ne ke rerawa a situdiyo, ɗan wasa ya hau kai yana mamin. Cikas ɗin yana wurin injin. Abin da aka ciyar da shi na Hausa kaɗan ne, shi ya sa sau da yawa yake mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ya kuma karya karin sauti ta yadda baiti zai fita daga ma'anarsa. A zane ma yakan sa wa Bahaushe rawanin Larabawa, ko ya ba makaɗin kalangu wata ganga da ba a rataya ta a hammata. Abin da ya fi sauƙi a yanzu shi ne a ɗauki muryar mawaƙi na gaske, a ba injin hotunan babbar riga da hular zanna da kalangu na ainihi, sannan a zauna duba kowane guntu kafin ya shiga fim.