Dokar 1913 da ta raba Babban Bankin Amurka gida 12: inda aka kafa su da yadda aka gina su

A Najeriya babban banki ɗaya ne, hedikwatarsa na Abuja, ofisoshinsa na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa rassa ne masu karɓar umarni daga sama. A Nijar ma BCEAO, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, na da hedikwata a Dakar, da babban ofishi a Yamai, da ƙanana a Maraɗi da Damagaram. Amurka ta bi wata hanya dabam. Abin da ake kira Federal Reserve bankuna 12 ne, kowanne da jarinsa da shugabansa da hukumar daraktocinsa, ga kuma Majalisar Gwamnoni a Washington tana sa musu ido. A ƙarƙashinsu akwai rassa 24. Duk wannan tsari daga doka ɗaya ya fito, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu ranar 23 ga Disamba, 1913.

Tsoro ne ya haifi tsarin. Sau biyu Amurka ta taɓa kafa bankin ƙasa, a 1791 da 1816, kuma kowanne shekara 20 ya yi aka ƙi sabunta masa izini, saboda manoman kudu da yamma ba su yarda a tara ikon kuɗi a hannun attajiran gabas ba. Sai rikicin 1907 ya zo, jama'a suka yi ta rububin cire kuɗinsu, bankuna suka yi ta rufewa, har sai da attajiri J.P. Morgan ya tara takwarorinsa suka ceto kasuwa da aljihunsu. Daga nan kowa ya yarda ana buƙatar babban banki, amma ba wanda ya yarda a ajiye shi a New York kaɗai. Mafitar da aka samu ita ce a rarraba shi.

Sashe na 2 na dokar ne ya yi rabon. Ya kafa kwamitin mutum uku, wato sakataren baitulmali William McAdoo, da sakataren aikin gona David Houston, da mai kula da bankunan tarayya, muƙamin da John Skelton Williams ya hau, ya ce su zaɓi birane da ba su gaza 8 ba, ba su kuma wuce 12 ba. Ya gindaya musu sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko, a shata shiyyoyi bisa sauƙin hulɗa da hanyar da ciniki ya saba bi, ba dole iyakar shiyya ta dace da iyakar jiha ba. Shi ya sa har yau akwai jihohin da aka tsaga biyu, kamar Pennsylvania, wadda gabashinta ke ƙarƙashin Philadelphia, yammacinta kuma ƙarƙashin Cleveland. Na biyu, ba bankin shiyyar da zai buɗe ƙofa da jarin da ya gaza dala miliyan 4.

Wannan sharaɗi na biyu ne ya fi yin tasiri a kan taswirar, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Jarin daga bankunan kasuwanci yake fitowa: kowane banki mai rajistar tarayya dole ya sayi hannun jari a bankin shiyyarsa da ya kai kashi 6 cikin 100 na jarinsa da rararsa, ya biya rabi, sauran rabin ya zama bashi a wuyansa har ranar da aka nema. Idan aka yi lissafi, kafin a tara miliyan 4 sai bankunan shiyyar sun mallaki jarin kusan dala miliyan 67. A arewa maso gabas ƙaramin yanki ya isa ya cika wannan adadi. A yamma, inda mutane da bankuna suka yi ƙaranci a 1914, sai an haɗa jihohi da yawa. Wannan ne dalilin da Boston da New York da Philadelphia suke kusa da juna kowanne da bankinsa, alhali San Francisco ita kaɗai ke riƙe da jihohi 9 a yau, har da Alaska da Hawaii.

Birane 37 ne suka nemi a ba su banki. Kwamitin ya zagaya ƙasa yana sauraron bahasi, ya kuma tambayi bankuna fiye da 7,000 birnin da suka fi so. Ranar 2 ga Afrilu, 1914 ya sanar da zaɓinsa, kowane birni da lambarsa daga 1 zuwa 12: Boston, New York, Philadelphia, Cleveland, Richmond, Atlanta, Chicago, St. Louis, Minneapolis, Kansas City, Dallas, San Francisco. Ranar 16 ga Nuwamba na shekarar duk suka buɗe. Nan take aka fara ƙorafi. Baltimore ta fi Richmond girma nesa ba kusa ba, New Orleans ma ta fi Atlanta, amma duk an tsallake su, kuma masu suka ba su rasa abin nunawa ba: Williams mutumin Richmond ne, McAdoo haifaffen Georgia, jihar da Atlanta take, Houston ya shugabanci jami'a a St. Louis, ga jihar Missouri ita kaɗai ta samu bankuna biyu, na St. Louis da na Kansas City. Zargin son kai yana da madafa, sai dai ba shi ne dukan labarin ba, don Kansas City kasuwar hatsi da shanu ce mai fuskantar yamma, St. Louis kuwa huldarta da kwarin kogin Mississippi take, kuma ƙuri'ar bankunan ta goyi bayan yawancin biranen da aka zaɓa.

Dokar ta yarda a gyara iyakokin shiyya, kuma an yi ƙananan gyare-gyare, amma ta hana a wuce 12. Tunda an cika adadin tun ranar farko, ba sauran gurbi. Biranen Los Angeles da Houston da Miami sun bunƙasa daga baya, ba kuma wanda ya samu bankin kansa.

A nan ne sashe na 3 yake aiki, wato sashen rassa. Majalisar Gwamnoni na iya ba bankin shiyya izinin buɗe reshe, tana iya tilasta masa, tana kuma iya umartar a rufe. Kowane reshe yana da daraktoci tsakanin 3 da 7, mafi rinjaye bankin shiyya ke naɗa su, sauran Washington. Reshen farko shi ne na New Orleans a 1915, Baltimore ma reshe ta samu ƙarƙashin Richmond. Atlanta ta fi kowa rassa, tana da biyar, San Francisco huɗu. Minneapolis na da ɗaya tal a Helena, ƙaramin gari a Montana. Boston da Philadelphia ba su da ko ɗaya, New York ma ta rufe nata na Buffalo a 2008. Aikin reshe na yau da gobe shi ne karɓar tsabar kuɗi daga bankuna, a ƙirga, a tace jabu, a niƙa waɗanda suka tsufa, a fitar da sababbi, sannan daraktocinsa su riƙa kai rahoton halin da kasuwar yankinsu ke ciki.

Akwai rashin fahimta da ya yaɗu cewa tunda bankunan kasuwanci ke da hannun jari, su ne masu Federal Reserve. Dokar ta toshe wannan ƙofa. Ba a sayar da hannun jarin, ba a jinginar da shi, ribarsa ba ta wuce kashi 6 cikin 100 a shekara, kuma tun gyaran 2015 manyan bankuna na iya samun ƙasa da haka. Abin da ya yi saura bayan kashe-kashe baitulmalin gwamnati yake tafiya. Daraktocin kowane banki 9 ne, aji uku: uku wakilan bankuna, uku bankuna ke zaɓarsu amma jama'a suke wakilta, uku Washington ke naɗawa, kuma daga cikin na ƙarshen ake fitar da shugaban hukumar. Tun 2010 wakilan bankuna ba sa jefa ƙuri'a wajen zaɓen shugaban bankin. Dokar 1935 kuma ta mayar da babban iko Washington: a kwamitin da ke yanke ƙimar kuɗin ruwa gwamnoni 7 ne da shugabannin bankuna 5, na New York kujerarsa ta dindindin ce, sauran 11 suna karɓa-karɓa a kujeru huɗu.

Gine-ginen farko an yi su ne don aikin da doka ta ɗora wa bankunan a lokacin, wato ajiye zinariya da takardun kuɗi, da kuma kwantar da hankalin mutanen da ba su manta 1907 ba. Ginin New York da ke lamba 33 a titin Liberty, wanda kamfanin York da Sawyer ya zana aka kammala a 1924, an kwaikwayi fadojin Florence na Italiya ne: manyan tubalan dutse, tagogin ƙasa da raga ta ƙarfe wadda maƙeri Samuel Yellin ya ƙera. Taskar zinariyarsa na ƙafa 80 ƙarƙashin titi, zaune a kan dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa, don ba daɓen da zai ɗauki nauyin fiye da tan 6,000. Mashigarta wani ƙaton gangan ƙarfe ne mai tan 90, an huda hanya ta tsakiyarsa. Idan za a rufe sai a juya shi hanyar ta fuskanci bango, a sauke shi ƙasa kaɗan ya toshe ramin kamar marfin kwalba, ko iska ba ta shiga. Kowane sandan zinariya ya kai kilo 12, shi ya sa ma'aikata ke sa murfin ƙarfe a kan takalmansu, kuma ba a motsa ko ɗaya sai mutum uku na tsaye. Zinariyar ba ta bankin ba ce, yawancinta ajiyar gwamnatoci da manyan bankunan ƙasashen waje ce. A Cleveland, ginin 1923, ƙofar taskar kaɗai ta kai tan 100.

Tsadar waɗannan gine-gine ta tayar da ƙura, har a 1922 majalisar dokoki ta hana kashe fiye da dala 250,000 a kan gini ba da izininta ba. An sassauta wannan daga baya, amma har yau ba bankin shiyyar da zai saya ko ya gina wa reshe gida sai Majalisar Gwamnoni ta amince.

Bayan 1970 salon ya sauya, aka koma gilashi da alminiyam, kamar dogon benen Boston na 1977 da na Richmond na 1978. Minneapolis ce ta fi kowa zarra, ita ce kuma ta fi shan wahala. Gininta na 1973, zanen Gunnar Birkerts, an rataye ofisoshinsa ne da igiyoyin ƙarfe tsakanin hasumiya biyu irin yadda ake rataye gada, taskokin kuma suna ƙarƙashin fili. Tagogin suka riƙa yoyo, ga asbesto, wani kayan gini mai cutar da huhu, a jikin ginin, ga ƙunci, kuɗin gyara ya yi yawa, bankin ya tashi a 1997.

Wata doka ta 2003 ta ƙara rage wa rassa aiki, don ta halatta a aika hoton caki maimakon takardar kanta. Wuraren tantance caki na takarda sun faɗo daga 45 zuwa ɗaya kafin ƙarshen 2010, rassa da dama suka rage ma'aikata, wasu suka bar manyan gidajensu suka koma haya.

Duk mai riƙe da dala, ko a Wapa ko a kasuwar Yamai, yana iya ganin wannan taswira a hannunsa, don sashe na 16 ya wajabta a sa alamar bankin da ya fitar da kowace takarda. A dala 1 babban harafi ne cikin baƙin hatimi a hagun hoton, A na Boston, B na New York, har zuwa L na San Francisco. A dala 100 ta yanzu harafin da lambar suna ƙarƙashin lambar takardar ta sama a hagu, misali B2 ko L12. Harafin ba ya ƙara wa takarda daraja, ba ya kuma rage mata, kuma ba ya nuna inda aka buga ta: Washington da Fort Worth kaɗai ake bugawa, ta Fort Worth na da ƙananan haruffa FW a fuskarta.